Manomin Sikotland a Wisconsin: ta ina ake bin sawunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Amurka, ina haya a gidan wata dattijuwa da ta riƙe ni kamar ɗanta. Ta ce kakan kakanta manomi ne daga Sikotland, masu ƙasa suka kore shi daga gonarsa don su zuba tumaki, ya sauka a tsibirin Ellis wajajen 1850 ba shi da ko sisi, gwamnati ta ba shi gona kyauta a jihar Wisconsin. Ba ta da takarda ko ɗaya, sai sunansa da abin da ta ji a bakin kakarta. Ta roƙe ni in taya ta bincike. Labarin zai iya zama gaskiya? Kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri bisa kula da dattijuwar nan. Sunan mutumin da sunan jihar ka riƙe su da kyau, domin irin waɗannan ne baki ba ya cika ɓatarwa. Sauran labarin kuwa ka ajiye shi gefe tukuna, kada ka gina bincikenka a kansa.

Abu biyu a ciki shekaru kaɗai sun isa su rushe su. Ba a buɗe tashar tsibirin Ellis ba sai 1892. Kafin ita akwai tashar Castle Garden, ita ma a 1855 ta fara aiki, don haka wanda ya iso New York a 1850 a bakin kwata kawai jirgi ya sauke shi, ya kama gabansa. Dokar raba gona kyauta kuma Shugaba Abraham Lincoln ya sa mata hannu a watan Mayun 1862, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1863. Wanda ya samu filin gwamnati a Wisconsin a 1850 saya ya yi, a kan dala ɗaya da kwata kowace eka. Eka 160, wato kimanin hekta 65, dala 200 ke nan, ban da shanun huɗa da garma da iri da abincin da za a ci kafin amfanin farko ya nuna. Mutumin da ba shi da ko sisi bai yi wannan ba, sai dai in ya fara da ƙodago a gonar wani na wasu shekaru, abin da mutane da yawa suka yi.

Maganar kora don tumaki ita ce take buƙatar dogon bayani, saboda abin ya faru da gaske, kuma ya yi muni. A arewacin Sikotland mai tsaunuka da tsibiran yammacinta, inda ake jin harshen Gelik, masu ƙasa sun tashi ƙauyuka sukutum. A yankin Sutherland, tsakanin 1807 da 1821, an kwashe dubban mutane daga kwaruruka aka tura su gaɓar teku, har da ƙone rufin gidaje a Strathnaver a 1814. Daga 1846 cutar dankali ta jefa yankin cikin yunwa ta kusan shekara goma. Sai dai ka lura da inda waɗannan mutane suka nufa. Mafi yawansu Kanada aka kai su, sau da yawa mai ƙasar ne ma ya biya kuɗin jirgi don ya rabu da su, kamar yadda aka yi wa mutanen tsibiran Barra da Uist ta Kudu a 1851. Wasu kimanin dubu biyar wata ƙungiyar agaji ta kwashe su zuwa Ostireliya a shekarun 1850. Waɗanda suka sayi gonaki a Wisconsin da Illinois da Iowa galibinsu daga kudancin ƙasar suka fito, yankin fili da noman zamani, kuma da ƙafarsu suka tafi, da ɗan jarinsu a ɗaure.

Abin da ya ingiza su shi ne ƙasar ba tasu ba ce. A kudancin Sikotland manomi haya yake yi, yawanci ta shekara 19. Zai haƙa magudanan ruwa, ya zuba farar ƙasa da taki, ya gyara gona ta yi kyau, in wa'adi ya cika mai ƙasa ya ƙara kuɗin haya saboda gonar ta yi daraja, ko ya haɗe ƙananan gonaki uku ya ba mutum ɗaya mai jari. Barorin gona kuma a kasuwa ake ɗaukarsu, wata shida shida ko shekara guda, ba su da begen mallakar ko taƙi ɗaya. Mutum mai 'ya'ya maza huɗu ya san cewa ko da hayar ta ɗore, ɗaya ne zai gaje ta. To sai ga wasiƙa daga ɗan'uwa a ƙetaren teku tana cewa kuɗin hayar 'yan shekaru ya isa ka sayi gona taka ta kanka har abada. Tsakanin shekarun 1820 da Yaƙin Duniya na Ɗaya kusan mutum miliyan biyu suka bar Sikotland, kuma ƙidayar Amurka ta 1850 ta samu kimanin 70,000 da aka haifa a can. Jikoki sun fi son labarin kora saboda ya fi taɓa zuciya, kuma shi ne ake ta maimaitawa a bukukuwan tunawa da asali. A ganina bai kamata a yi musu dariya ba, amma mai bincike da ya tafi neman mutumin Ayrshire, da ke kudancin ƙasar, a tsibiran arewa zai ɓata shekaru a banza.

Bari in ɗauko maka iyali guda da aka san tarihinsu ciki da waje, waɗanda suka iso Wisconsin ɗin nan a daidai lokacin da kake magana. An san su ne saboda ɗansu, John Muir, ya zama shahararren mai fafutukar kare dazuzzuka, ya kuma rubuta labarin ƙuruciyarsa aka buga a 1913. Amma uban nake so ka duba, Daniel Muir, domin shi ne manomin.

Da farko, ba a Sikotland aka haife shi ba. A Manchester ta Ingila aka haife shi a 1804, inda ubansa soja yake, ya tashi maraya aka kai shi wurin dangi a ƙauyen Crawfordjohn cikin Lanarkshire, ya yi kiwo da aikin gona tun yana yaro. Na biyu, a lokacin da ya yi ƙaura ba noma yake yi ba. Ya shiga soja, aka tura shi garin Dunbar da ke gaɓar gabas yana ɗaukar sababbin kurata, ya auri wata mai shagon hatsi, ya bar soja, ta rasu, shagon ya zama nasa. A 1833 ya auri Ann Gilrye, 'yar wani mai sana'ar nama da ke da rufin asiri a ƙetaren titi. Kasuwa ta karɓe shi, yana zaune a gida mai hawa uku a babban titin garin. Ba wanda ya kore shi. Addini ne ya tashe shi: ya bi coci coci bai gamsu ba, har ya shiga wata ƙungiya mai suna Almajiran Kristi wadda ba ta yarda da limamai masu albashi da hannun masu ƙasa a harkar coci ba, kuma a Amurka take da ƙarfi.

Yadda aka yi tafiyar ma abin lura ne, don haka iyalai da yawa suka yi. Wani dare a watan Fabrairun 1849 yaran suna bitar karatu a gidan kakansu, uban ya shigo ya ce su rufe littattafai, da safe za a tafi Amurka. Uku kawai ya ɗauka, Sarah da John da David, babbar cikinsu ba ta wuce shekara 13 ba. Matar da sauran yara huɗu suka zauna a Dunbar har a gina gida, sai a lokacin kaka, bayan girbi, suka biyo baya. Ka ga ke nan wanda ke neman iyalin gaba ɗaya a takardar jirgi ɗaya ba zai same su ba. Daga Glasgow jirgin ruwa mai filafilai ya yi sati shida da 'yan kwanaki kafin New York. Niyyar Daniel ta farko Kanada ce. A cikin jirgi aka ce masa can daji ne mai duhu, mutum zai ƙare rayuwarsa yana sara, amma a Wisconsin itatuwan a warwatse suke cikin ciyawa. Da suka isa Buffalo wani dillalin hatsi ya gaya masa yawancin alkamar da yake saye daga Wisconsin take zuwa. Shi ke nan magana ta ƙare. Suka bi manyan tafkuna zuwa Milwaukee, ya ba wani manomi da ya kawo alkama kasuwa dala 30 ya kwashe musu kaya a keken dawaki tafiyar mil ɗari cikin taɓo zuwa ƙauyen Kingston. A cikin kayan har da murhun ƙarfe da sikelin shagonsa da duwatsun awo na ƙarfe, nauyin da ya kusa kashe dawakin. Daga nan ya zaɓi fili a bakin wani ɗan tafki cikin gundumar Marquette, kusa da garin Portage, ya sa masa suna Fountain Lake.

Idonsa na ɗan kasuwa ya ga ruwa da ciyawa da itace, bai duba ƙasar ba. Rairayi ce. John ya ba da labarin cewa sabuwar huɗa tana ba da bushel 20 zuwa 25 na alkama a eka ɗaya, amma cikin shekara huɗu zuwa biyar ta koma biyar ko shida. Bushel ɗin alkama kilo 27 ne, don haka in ka auna da buhu mai kilo ɗari, ekar da take ba da buhu shida ta dawo buhu ɗaya da rabi. Ba taki, ba hutu, ba sauyin shuka, alkama bisa alkama. Abin mamakin shi ne mutanen da suka fito daga ƙasar da ta yi suna a duniya wajen gyaran gona su ne suka yi wannan, kuma dalilin a bayyane yake: a Sikotland ƙasa tsada, hannu araha, a Wisconsin kuwa ƙasa araha, hannu tsada. Ya fi sauƙi ka tsotse fili ka sayi wani. Haka Daniel ya yi. A tsakiyar shekarun 1850 ya sayi eka 320 'yan mil kaɗan daga nan, aka kira wurin Hickory Hill, aka sake sara da tumɓuke kututture daga farko.

Hannun da ya yi aikin na 'ya'yansa ne. An ɗora John a kan garma yana ɗan shekara 12, kansa da ƙyar ya wuce mariƙinta. Lokacin girbi ana fita tun duhun asuba a dawo bayan faɗuwar rana, 'yan matan ma suna cikin gona suna ɗaurin dami, rashin lafiya ba ta zama uzuri sai in mutum ya kasa tsayuwa. A sabuwar gonar babu rafi babu tafki, sai rijiya. An haƙa ƙafa goma aka ci karo da dutse. Uban ya gwada albarushi bai yi ba, sai ya ba yaron guduma da ƙarfen sassaƙa. Kullum da safe a zura shi cikin guga, ya zauna a tsugune a rami mai faɗin da bai fi ƙafa uku ba yana ɓantarar dutse, da rana a jawo shi ya ci abinci a mayar. Watanni ana haka. Da ramin ya kai wajen ƙafa 80, wata safiya gurɓatacciyar iska ta taru a ƙasa cikin dare, yana sauka jiri ya kwashe shi. Uban ya ji shiru ya yi ta kwala masa kira ya shiga guga, da ƙyar ya rarrafa ya shiga, aka jawo shi a sume. Wani maƙwabci da ya taɓa aikin haƙar ma'adinai ya koya musu su riƙa kwara ruwa a ramin, su ɗaure damin ciyawa a igiya suna zurawa suna jawowa don iska ta motsa. Bayan kwana ɗaya ko biyu aka sake zura shi. A ƙafa 90 suka samu ruwa. A shekarun nan uban ya riga ya janye daga aikin gona, yana zaune a ɗaki da Littafi Mai Tsarki, yana fita wa'azi.

Akwai abin da labarin iyali kusan kullum yake tsallakewa, kuma ka shirya yadda za ka faɗa wa dattijuwar cikin ladabi. Filin da gwamnati take sayarwa dala ɗaya da kwata yana da masu shi. Kudanci da tsakiyar Wisconsin ƙasar kabilar Ho-Chunk ce da Menominee. An karɓe ta Ho-Chunk ta yarjejeniyoyin 1829 da 1832 da 1837, ta ƙarshen nan cikin matsi da yaudara, aka yi ta kwashe su da soja zuwa yammacin kogin Mississippi suna dawowa a ƙafa. Menominee sun sa hannu kan tasu a 1848, shekarar da Wisconsin ta zama jiha, wata huɗu kacal kafin Daniel ya bar Dunbar. Su kansu baƙin sun san da haka. John ya tuna wata muhawara tsakanin ubansa da wani maƙwabcinsu ɗan Sikotland. Uban yana ganin Allah bai halicci ƙasa mai albarka don a bar ta hannun masu farauta ba, alhali manoma za su ciyar da ninkin mutane da ita. Maƙwabcin ya ce masa yawancin baƙin nan ma ba su iya noma ba, tsofaffin 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu, to yaya za su ji in ƙwararrun manoma suka zo suka kore su da wannan hujjar? Ko da labarin korar kakan nata ya tabbata, a kan filin wasu korarru ya sauka.

'Ya'yan Daniel takwas ne, ta ƙarshe a Wisconsin aka haife ta, kuma cikin maza ukun ba wanda ya gaji gonar. John ya bar gida a 1860 da agogunan katako da ya ƙera, ya kai su baje kolin jiha a Madison, ya shiga jami'a, ya ƙare a Kalifoniya. David ya zama mai kantin tufafi a Portage. Ƙaramin, Daniel mai sunan uban, ya tsallaka Kanada lokacin yaƙin basasar Amurka, daga baya ya zama likita a Nebraska. Gonar farko a hannun mijin Sarah ta faɗa, David Galloway, wato sunan Muir ya ɓace daga takardun filin alhali jininsa yana kai. Uban ya bar matarsa a Portage ya tafi wa'azi Kanada, ya rasu a 1885 a Kansas City a gidan autarsa, ita kuma Ann ta rasu a Portage a 1896. Iyali ɗaya, takardunsu a ƙasa huɗu da jihohi barkatai. Akwai kuma waɗanda noman ya karɓe su. Iyalin Wilson daga Ayrshire, manoma na gado, sun iso a farkon shekarun 1850, suka ɗan zauna a Connecticut, a 1855 suka koma gundumar Tama ta Iowa mai baƙar ƙasa, ɗansu James ya riƙe ma'aikatar noma ta Amurka daga 1897 zuwa 1913.

Yanzu ga aikin. Kada ka fara da Sikotland. Kowa can yake son tsallakawa, kuma can ne ake ɓata, domin John Campbell ko James Wilson da aka haifa wajajen 1815 sun fi a ƙirga, kuma shafukan intanet cike suke da bishiyoyin zuri'a da aka liƙa wa mutum iyayen da ba nasa ba saboda suna ya zo ɗaya. Ka fara daga dattijuwar kanta ka yi baya, tsara bayan tsara, kowane mataki da takardarsa: haihuwarta, auren iyayenta, mutuwar kakarta. Abin da kake farauta shi ne sunan gunduma. A Amurka takardun fili da gado da wasiyya a kotun gunduma suke, ba a babban birnin jiha ba.

In ka samu gunduma, ka shiga ƙidaya. Ta 1850 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowane ɗa, wato wanda ba bawa ba, a gida da shekarunsa da inda aka haife shi. A nan akwai dabara mai sauƙi: ka duba yaro na ƙarshe da aka haifa a Sikotland da na farko da aka haifa a Amurka, shekarar ƙaura tana tsakaninsu. In ka ga yaro ɗaya an haife shi a Kanada ko New York, ka samu zangon da suka yi a hanya. Ta 1880 ta ƙara da inda aka haifi iyayen mutum, ta 1900 ta tambayi shekarar shigowa ƙasar. Ta 1890 gobara ta cinye kusan dukkanta a 1921, kada ka wahalar da kanka. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne daga 1850 zuwa 1880 akwai takardar ƙidayar gonaki daban, kuma ni a wurina ta fi ta mutane daɗin karatu. Tana faɗin eka nawa aka share, nawa ne daji, kuɗin gonar, shanun huɗa nawa, dawaki, aladu, bushel nawa na alkama da masara, har nauyin man shanun da matar gida ta kaɗa. Ka jera ta 1850 da 1860 da 1870, za ka ga da idonka ko mutumin yana hawa ne ko yana gangara, da shekarar da ya bar alkama ya koma kiwon shanun madara kamar yadda jihar gaba ɗaya ta yi daga baya.

Takardar fili ita za ta raba gardamar kyauta ko saye. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya ta sa takardun mallaka na farko a intanet, ana dubawa kyauta da suna da jiha, kuma kowace takarda tana ambaton dokar da aka ba da filin a ƙarƙashinta. In ta ce dokar 1820, da kuɗi ya saya. In ta ce 1862, to dattijuwar ta yi gaskiya, amma ke nan shekarar ce ta goce, ko kuma ɗansa ne ya samu kyautar a wata jiha ta yamma aka haɗe labarin mutum biyu, abin da yake yawan faruwa. Wani lokaci za ka ga sunan wani soja a takardar, kada ya ruɗe ka: an ba sojojin yaƙin Meziko takardun izinin fili, su kuma suka sayar wa baƙi a ƙasa da farashin gwamnati. In babu sunansa ko kaɗan, daga hannun wani ya saya, sai ka nufi ofishin rajistar filaye na gunduma. An yanka ƙasar gida gida, kowane yanki mil shida tsawo mil shida faɗi, an raba shi kashi 36 masu eka 640, don haka lambobin da ke kan takardar za su kai ka daidai kan gonar a taswirar yau.

Takardar jirgi kada ka sa rai da ita sosai. Tun 1820 doka ta wajabta wa matuƙa su miƙa sunayen fasinjoji, amma suna ne da shekaru da sana'a da ƙasa, ba gari, kuma Birtaniya ba ta fara ajiye jerin masu fita a kai a kai ba sai 1890. Wanda ya shigo ta Quebec da ke Kanada ya gangaro ta tafkuna sau da yawa ba ya cikin kowane jeri. Takardar zama ɗan ƙasa ma kafin 1906 kowace kotu tana bayarwa, bayaninta kaɗan ne, kuma ta miji ta wadatar wa mata da ƙananan yara. Shi kansa John Muir sai a 1903 ya karɓi tasa, yana da shekara 65.

Abin da zai tsallakar da kai teku shi ne sunan gundumar coci ko ƙauyen da mutumin ya fito, kuma wuraren samunsa ba na gwamnati ba ne. Ka duba dutsen kabarinsa, don 'yan Sikotland suna son a rubuta garin haihuwa. Ka duba sanarwar rasuwarsa a jaridar garin, da littafin cocin Firesbiteriya, ɗarikar mafi yawan 'yan Sikotland, da ya shiga, inda ake rubuta cocin da ya kawo takardar sallama daga gare ta. Ka tambayi dangi ko wani yana riƙe da babban Littafi Mai Tsarki na gidan, domin a shafukansa na farko ake rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Akwai kuma kundayen tarihin gundumomi da aka yi ta bugawa wajajen 1880 masu ɗauke da taƙaitaccen tarihin manoma. Kuɗi mutum yake biya a sa shi, don haka yabon ka zubar, amma garin asali da shekarar isowa daga bakinsa suka fito.

A ɓangaren Sikotland shekarar da za ka haddace ita ce 1855. A ranar 1 ga Janairunta gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Kafin nan galibi littattafan cocin hukuma ne, kuma suna da giɓi, wasu ruwa ya ci, wasu magatakarda ya yi sakaci. Ga kuma rabuwar coci: a 1843 kimanin kashi ɗaya cikin uku na limaman suka fice suka kafa Cocin 'Yanci, ban da ƙungiyoyin da suka ɓalle tun kafin nan. Iyali irin na Daniel, masu canjin coci, su ne suka fi ƙaura, su ne kuma suka fi ɓacewa daga littafin hukuma. Mafita ita ce 'yan'uwan da suka zauna a gida. Takardar mutuwa ta Sikotland tana rubuta sunan uban mamaci da sana'arsa da sunan uwarsa har da na gidansu, don haka 'yar'uwar da ta rasu a 1870 za ta ba ka iyayen wanda ya tafi a 1850. Duk waɗannan da ƙidayar 1841 da 1851 suna shafin ScotlandsPeople na hukumar adana tarihin ƙasar da ke Edinburgh. Neman suna kyauta ne, ganin hoton takarda ne ake biya.

Sunayen 'ya'ya ma shaida ne, kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu masu mayar da sunan iyaye ga jarirai har a riƙa sakaya shi da Abba ko Ummi. Su nasu har jeri gare shi: ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, na uku sunan uban. 'Yar fari sunan kakarta ta wajen uwa, ta biyu ta wajen uba. Gidan Muir sun bi shi sak. John sunan uban Daniel ne, David sunan uban Ann, na uku Daniel. Margaret sunan uwar Ann, Sarah sunan uwar Daniel. Ba doka ba ce, kuma in yaro ya rasu sukan mayar da sunansa ga na bayansa, abin da yake rikita lissafi, amma in kana da mutum uku masu suna ɗaya a gundumomi uku, jerin sunayen 'ya'ya zai nuna maka wanda za ka fara bi.

In duk wannan ya ci tura, ka bar mutumin ka bi maƙwabtansa. Ba su cika tafiya inda ba su san kowa ba. Mutanen yankin Kintyre na Sikotland sun bi juna daga shekarun 1830 har suka cika wani yanki na arewacin Illinois suka sa masa suna Argyle. Mai ƙidaya gida gida yake bi, don haka sunayen da ke sama da ƙasan na mutuminka a shafin su ne masu iyaka da gonarsa. Ka rubuta duk wanda aka haifa a Sikotland a shafi biyu kafin nasa da biyu bayansa, ka ƙara da waɗanda suka yi masa shaida a takardar fili da wasiyya, da gidajen da 'ya'yansa suka yi aure. A cikinsu da wuya a rasa wanda jikokinsa suka adana wasiƙa ko suka rubuta sunan ƙauye a dutsen kabari, kuma a littafin cocin wannan ƙauyen za ka fara neman baftismar mutuminka.